Me ya sa tsohon kuɗin azurfa ya fi nauyinsa tsada?

Tambaya: Na gaji sulallan azurfa daga kakata, masu hoton mace da shekarar 1780. Maƙerin azurfa a Gusau ya taya da awo, dillali kuwa ya ƙara. Me ya kawo bambancin?
Mai karatu, Ƙauran Namoda

Amsa: Malama, wannan kuɗin Mariya Teresa ne, tsohuwar sarauniyar ƙasar Ostiriya, wadda hotonta ke jiki. Kowanne giram 28 ne, amma azurfar ciki giram 23.4 ce, sauran tagulla. Maƙeri narkawa zai yi, shi ya sa iyakar azurfar yake biya. Dillali kuwa amana yake saye, domin an san nauyinsa da ingancinsa, ga kuɗin bugu da ribarsa a kai. Haka ma sandar azurfa mai hatimi take.

Kada 1780 ta ruɗe ki: an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu, saboda haka yawancinsu ƙarinsu a kan farashin awo kaɗan ne. Bugun farko ne mai tsada sosai.

Huda shi don sarƙa na karya farashi. Don Allah kada ki goge da toka ko lemun tsami, ƙarzuwa ke maida shi farashin awo. Ki auna, ki kara maganaɗisu: in ya kama, jabu ne.