Tambaya da Amsa: Ledar Matse Kaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Hunturu ya wuce, barguna da rigunan sanyin yara sun cinye mini rabin wadirob. Na sayi ledar nan da ake zuƙe wa iska, na matse su da daddare, gari na wayewa na tarar ta kumbura. Jabu aka sayar mini?
Uwargida daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Kafin ki ɗora wa mai shago laifi, duba bakin ledar. Zif ɗinta layi biyu ne, kuma gashin bargo ƙwaya ɗaya da ya maƙale a tsakani ya isa ya mayar da iska. Ki goge bakin da tsumma, ki ja ɗan robar rufewa daga wannan gefe zuwa wancan sau biyu ko uku, sannan ki bi layin da yatsu kina dannawa. Cika leda maƙil ma yana buɗe zif. A bar kamar faɗin tafin hannu tsakanin kaya da baki. Babban bargo yana son leda mai faɗin santimita 80 da tsawon 100, rigunan yara kuwa mai 50 da 70 ta ishe su.

Sai bawul, wato zagayayyen murfin da ke jikinta. Ki ɗora famfon hannu ko bututun injin zuƙar ƙura a kai, kina danna kayan da ɗaya hannun don su kwanta daidai. Da kin ga tudun ya koma kamar rabi ko ƙasa da haka kaɗan, ki tsaya, ki murɗa murfin nan take. Matsewa har ledar ta yi tauri kamar katako ita ke sa maɓalli ko kan zif ɗin riga ya huda ta, shi ya sa ake juya irin waɗannan riguna ciki waje. Idan duk da haka ta kumbura, akwai huda: ki rufe ta da 'yar iska a ciki, ki danna kusa da kuncinki, inda kika ji iska ki liƙe da salatif mai faɗi.

Tambaya: Zan iya adana kayan lefena a ciki saboda damina?
Amarya daga Maraɗi

Amsa: Amarya, wasu e, wasu a'a. Zanen gado, labule, tawul da atamfa ba matsala. Shadda da aka yi wa bugu ko sitati kuwa karyewa take yi, layin ya zauna, ƙyallin ya dushe. Leshi mai duwatsu yana huda ledar, jaka da takalmin fata suna buƙatar shan iska, filo mai gashin tsuntsu kuma ba ya komawa yadda yake.

Babban haɗarin shi ne laima. Ledar tana tare ƙura, asu da kyankyaso, amma damshin da kika rufe a ciki ba shi da hanyar fita, sai fumfuna da wari. A wanke, a shanya har su bushe ƙarau, a bari zafin rana ko na guga ya huce kafin a rufe. Kada a jefa kafur a ciki, warinsa zai kama kayan. Ƙananan ƙunshin silika, wato ƙwayoyin nan masu shanye damshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, sun fi. Ɓera da gara ba sa jin tsoron leda, don haka a sa ta cikin akwati, nesa da ƙasa. Duk wata shida a buɗe, a kakkaɓe, a shanya.

Tambaya: Za ta rage mini nauyin kaya idan zan tafi Umara?
Alhaji daga Sakkwato

Amsa: Ko kaɗan, Alhaji. Wuri take ragewa, kilo yana nan yadda yake, hasali ma takan ruɗi mutum ya ƙara kaya har ya zarce abin da aka rubuta a tikitinsa. A auna akwati a gida. A kuma nemi irin wadda ake naɗewa da hannu iskar ta fita ta ƙasa, domin idan jami'ai suka buɗe a filin jirgi, babu famfo a kusa.