Yaushe ne aka jefo Shaiɗan daga sama?

Ɗan'uwa, ka tambaya: in Shaiɗan ya faɗi tun kafin Adamu, yaya aka yi ya bayyana a gaban Allah a zamanin Ayuba?

Gaskiyar magana, Littafi Mai Tsarki bai ba da labarin faɗuwar a wuri ɗaya ba. Ishaya 14 da ake yawan kawowa waƙar zambo ce ga sarkin Babila, Ezekiyel 28 kuma makoki ne a kan sarkin Taya. Malaman Kirista na farko irin su Orijen, a ƙarni na 3, sun ga Shaiɗan a bayan girman kan sarakunan nan. Kalvin, malamin Furotesta na ƙarni na 16, bai yarda ba, ya ce Ishaya da ɗan Adam yake.

Masu bin Orijen sukan ce faɗuwar hawa-hawa ce. Tawaye ya raba Shaiɗan da matsayinsa, amma bai rufe masa bakin kai ƙara ba. Dubi Zakariya 3: ga Yoshuwa babban firist sanye da tufafi masu dauɗa, ga Shaiɗan a damansa yana zarginsa. Hakanan ya yi wa Ayuba.

Jefarwar da ke Ru'ya ta Yohanna 12, inda mala'ika Mika'ilu ya yaƙi macijin, wato Shaiɗan, wasu sun ɗauke ta abin da zai faru a ƙarshen zamani. Ni dai na fi gamsuwa cewa nasarar gicciye ce, domin aya ta 11 ta ce da jinin Ɗan Rago, wato Yesu, aka rinjaye shi, kuma Yohanna 12:31, inda Yesu ya ce yanzu za a fitar da mai mulkin duniyar nan, ya goyi bayan haka. Hukuncin ƙarshe, tafkin wuta na Ru'ya 20:10, yana nan gaba.