Faifai na biyu ya fita ana cikin sake gina RAID 5, akwai sauran fata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da sabar mai Linux, da faifai huɗu masu 4TB a RAID 5 (tsarin haɗa faifai su yi aiki kamar guda) ta mdadm (manhajar Linux mai kula da tsarin). Ɗaya ya mutu, na saka sabo. Ana cikin sake gini sai wani faifan ya fara ba da kuskuren karatu, tsarin ya fitar da shi, komai ya tsaya. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Akwai fata, in dai ka janye hannunka tun yanzu. Kada ka sake tayar da ginin, kada ka saki fsck (manhajar duba da gyara tsarin fayiloli) a kan faifan, kuma kada ka kusanci mdadm --create ko da wani ya rantse maka da shi ya tsira. Umarnin nan sabon bayanin tsari yake rubutawa a kan tsohon, jerin faifan kuwa na kuskurewa ka ƙara wa kanka aiki.

Da wuya in faifai na biyun mutuwa ya yi. RAID 5 rashin faifai ɗaya kawai yake jurewa, don haka kafin a cika sabon dole a karanta kowace sekta (ɗan ƙaramin yankin ajiyar bayanai) ta sauran ukun, wajen 12TB. Masu ƙera faifan kwamfutar gida sukan rubuta cewa ana iya cin karo da kuskure guda marar gyaruwa a cikin bit 10^14, kimanin 12.5TB ke nan. Ka ga an zo gaɓa. Sekta ɗaya da ta daɗe da lalacewa ba wanda ya leƙa ta, ta isa. Ga kuma rigimar lokaci: irin wannan faifan kan daɗe yana fama da sekta ɗaya, Linux kuwa daƙiƙa 30 yake jira, daga nan sai ya ɗauka faifan ya tafi.

Fara da smartctl -a, umarnin da ke nuna rahoton lafiyar faifai, a kan kowanne, ka dubi lamba 5 da 197, wato sektocin da aka sauya da masu jiran hukunci. Ka adana abin da mdadm --examine ya nuna, musamman adadin Events (ƙidayar sauye-sauyen tsarin da kowane faifai ya shaida) da matsayin kowane faifai, ka rubuta lambar siriyal ɗinsu a takarda.

Sai babban aikin: kwafe faifan mai ciwo zuwa lafiyayye da manhajar GNU ddrescue, tare da fayil ɗin taswira, inda ake rubuta wuraren da aka karanta da waɗanda aka kasa. ddrescue yana kwashe wurare masu kyau tukuna, ya tsallake munanan, ya dawo musu daga baya, in wuta ta ɗauke kuma ya ci gaba daga inda ya tsaya. Umarnin kwafi na yau da kullum, dd, ba ya wannan haƙurin. In da hali ka kwafe duka ukun. Tsohon da ya fara fita ma kada ka jefar, wani lokaci da taimakonsa ake sake gina sektar da ta ɓace.

Da kwafin za ka haɗa: mdadm --assemble --force --readonly, faifai uku, ban da sabon da bai gama cika ba. Ka buɗe shi a yanayin karatu kawai, ka fara kwashe abin da ya fi maka muhimmanci zuwa wani wuri. Sektocin da ddrescue ya kasa karantawa suna cikin taswira, fayilolin da suka faɗa kansu za su fito da tabo, sai ka gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Amma in ka ji faifan yana ƙas-ƙas ko yana tsayawa da juyi, kashe shi nan take. Wannan ciwon allurar da ke karanta faifan ne ko inji, masu ɗakin aiki marar ƙura ne kaɗai ke buɗe shi, kuma duk juyin da ya ƙara yana iya kankare fuskar da bayananka suke kai.