Filin Tambaya da Amsa: Jiragen Koyon Tuƙin Yaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu yana kusa da filin jirgin sama na Kano, muna yawan ganin ƙananan jiragen soja suna tashi suna sauka, an ce na koyo ne. Me ya sa ba a koya wa matuƙi kai tsaye a jirgin da zai yi yaƙi da shi? Daga mai karatu, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Mai yiwuwa L-39ZA Albatros kake gani, na makarantar horas da matuƙa ta 403 da ke Kano. Kamfanin Aero Vodochody na tsohuwar Cekoslobakiya ne ya ƙera shi, ya fara tashi a 1968, an kuma ƙera fiye da 2,800. Najeriya ta sayi 24 a shekarun 1980.

Dalilin bai wuce kuɗi da rai ba. Jirgin yaƙi na sosai yana shan mai da kayan gyara masu tsada, kuma ba ya yafe kuskure. Shi ya sa ake hawa mataki-mataki. Ɗalibi yakan fara da ƙaramin jirgi mai farfela, irin su Super Mushshak na Pakistan da ake koyo da shi a Kaduna. Daga nan sai jet na koyo mai kujeru biyu, ɗalibi a gaba, malami a baya a kujerar da aka ɗan ɗaga don ya hango gaba. Kowa da sandar tuƙinsa, malami na iya karɓe jirgin nan take.

Inda ɗalibai suka fi shan wuya shi ne sauka. Injin farfela yana amsawa da zarar an ƙara masa wuta, amma injin jet sai ya ɗauki daƙiƙu kafin ya taso daga ƙasa-ƙasa zuwa cikakken ƙarfi. Idan ɗalibi ya bari gudu ya ragu kuma jirgi ya yi ƙasa da yawa, kafin injin ya amsa fukafukai sun daina ɗaukarsa. Wannan ne ya sa kake ganin suna taɓa ƙasa su sake tashi, suna ta maimaitawa. Sai matsalar juyi mai tsanani: nauyin jiki yakan ninka sau huɗu ko biyar, jini ya gangara ƙafafu, gani ya dushe, wani har ya suma. Maganinsa wando na musamman mai cika da iska ya matse cinyoyi da ciki, da kuma koyon ɗaure tsoka da jan numfashi gajere-gajere.

Tambaya: An ce Alpha Jet jirgin koyo ne, to yaya ake kai hari da shi? Daga mai karatu, Maiduguri.

Amsa: Dukansu gaskiya ne. Faransa da Jamus ne suka haɗa hannu, kamfanonin Dassault-Breguet da Dornier, ya fara tashi a 1973. Faransa koyo take so da shi, Jamus kuwa kai hari, sai aka yi shi ya iya duka biyun. Injinsa biyu ne, gudunsa ya kusa kilomita 1,000 a awa, yana ɗaukar makamai har kimanin kilo 2,500: bama-bamai, rokoki da bindiga a ƙarƙashin ciki. Najeriya ta yi aiki da shi a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo, sannan a arewa maso gabas. Kamaru, Togo, Maroko da Masar ma sun saya.

Amma kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ba shi da radar farautar jirage, kuma bai kai gudun sauti ba. Yana da amfani a kan abokin gaba da ba shi da jirage ko makaman kakkaɓo masu ƙarfi. Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba: kowane jirgi yana da adadin awannin da gangar jikinsa za ta ɗauka, duk awar da aka kashe a fagen daga an rage ta ne daga rabon ɗalibai.

Tambaya: Waɗanne ne ake yayi yanzu a duniya? Daga mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Amurka tana amfani da T-38 Talon tun 1961, kuma a 2018 ta zaɓi T-7A na Boeing da Saab ya gaje shi. Hawk na Ingila ya bazu har Indiya da Saudiyya. K-8 na Sin da Pakistan ya samu kasuwa a Afirka saboda sauƙin kuɗi, akwai shi a Gana, Sudan da Masar. M-346 na Italiya da Yak-130 na Rasha tushensu ɗaya, a 2000 suka raba gari. Najeriya ta yi odar M-346 guda 24. Abin da sababbin suka zo da shi shi ne kwamfuta mai nuna wa ɗalibi jirgin abokin gaba da makami mai linzami a allonsa, alhali babu kowa a sararin sai shi da malaminsa.