Kun Tambaya, Mun Amsa: Idan Sabon Tsarin Ilimi Ya Iso Teburin Shugaban Makaranta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni shugaban makarantar sakandare ne. Takarda ta zo mana daga ma'aikatar ilimi cewa an sauya manhaja, an ƙara darussa biyu, kuma a fara aiki da ita zango mai zuwa. Ba littattafai, ba a yi wa malamaina bita ba. Daga ina zan kama?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar kiran taron malamai. Ka zauna da takardar tukuna, ka fitar da abin da aka ce dole ne tare da ranar da aka sa masa, ka ware abin da aka bar wa makaranta zaɓi, sannan ka rubuta abin da takardar ta yi shiru a kai. Wannan na ƙarshen shi ya fi jawo matsala. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: wane aji ne zai fara? Galibi sabuwar manhaja da ajin farko take shiga, ta riƙa hawa tare da su shekara bayan shekara, na gabansu kuma su ƙarasa da tsohuwar. Haka Kenya ta yi da ta bar tsarin 8-4-4, wato shekara 8 a firamare, 4 a sakandare, 4 a jami'a. An soma sabuwar manhajar daga ƙananan azuzuwa, tsohuwar jarrabawar kammala firamare kuwa ba a daina ta ba sai bayan ta 2023. Saboda haka kada ka taɓa manhajar ajin da ke shirin jarrabawar fita har sai hukumar shirya jarrabawa da kanta ta sanar a rubuce cewa ta sauya abin da za ta tambaya. Ma'aikatar ilimi daban, hukumar jarrabawa daban, kuma ba kullum suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba.

Daga nan sai lissafi, domin a jadawalin darussa ne sauyi ke rayuwa ko ya mutu. A ce kuna darasi 8 a rana na minti 40, kwana 5 a mako, wato gurbi 40 ga kowane aji. In kowane sabon darasi na buƙatar gurbi 3 a mako, biyun sun cinye 6, kuma dole a zare su daga wani wuri. Ka guji zarewa daga lissafi da harshen da ake koyarwa da shi, domin duk sauran darussa a kansu suka jingina. In shekarar farko tana da azuzuwa 4, kana buƙatar gurbi 24 a mako, wanda ya kai aikin malami guda cur. Nan da shekara uku, lokacin da manhajar ta mamaye azuzuwa 12, gurbin zai zama 72, aikin malamai uku ke nan. Wannan adadin na shekara ta uku shi za ka nema tun yau, don turo malami ba ya faruwa cikin zango ɗaya.

In darasin na aikin hannu ne ko na kwamfuta, ka haɗa masa gurbi biyu a jere. Fitar da kaya da mayar da su kaɗai na iya cin kwata na awa, to me ya rage a minti 40? Ka kuma duba ɗakin da wutar kafin ka karɓi kaya. Lokacin da Najeriya ta shiga tsarin 6-3-3-4 (shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a) a farkon shekarun 1980, an sayo injinan koyar da fasaha aka rarraba, amma a makarantu da dama sun shekara a cikin akwatunansu saboda ba ɗakin aiki, ba lantarki, ba wanda ya iya haɗa su.

Duk wannan lissafin ka mayar da shi wasiƙa mai shafi ɗaya zuwa ofishin ilimin da ke kula da ku: ga abin da za mu fara ranar kaza, ga malamai da littattafan da suka rage, ga abin da ba zai yiwu ba sai sun iso. A buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Bayan haka ne taron malamai zai yi amfani, domin za ka shiga da amsa a hannu.

Tambaya: Ni mataimakiyar shugaba ce mai kula da harkar koyarwa. An tura malami ɗaya bitar kwana uku, ya dawo ya yi mana bayani na awa biyu. Yanzu tsofaffin malamai sun koma yadda suka saba, suna cewa wannan ma zai wuce. Yaya zan yi da su?

Amsa: Malama, abin da ya same ku ciwo ne sananne a irin bitar da ake gangarowa da ita hawa-hawa, daga masana zuwa jami'ai, daga jami'ai zuwa malami guda, daga shi zuwa sauran. A kowane hawa kwanaki na raguwa, aikin gwaji na zubewa, sai sabbin kalmomi kawai su iso aji. Afirka ta Kudu ta ɗanɗana wannan. Ta soma sabuwar manhajarta ta bayan mulkin wariya a 1998, amma kwamitin da ya sake duba ta a 2000 ya gano kalmominta sun yi wa malamai sarƙaƙiya, horon bai isa ba, kayan karatu ma haka. Sai da aka yi ta gyara, har aka zo da wata manhajar daga 2012 wadda ta fayyace abin da za a koyar zango-zango.

Kada ki ɗauki tsofaffin malaman nan a matsayin abokan gaba. Sun ga sauye-sauye sun zo sun tafi, kuma sau da yawa ƙorafinsu na da tushe: aikin rukuni da aka tsara don yara 30 ba zai yiwu yadda yake a takarda ba a ajin mai yara 80. Ki tambaye su wane ɓangare ne ba ya aiki, ki rubuta, ki sa a rahotonku.

Maganin shi ne ki mayar da bitar abin kowane mako. Ki ware gurbi ɗaya a cikin jadawali, ba bayan an tashi ba, inda malaman fanni ɗaya za su zauna su tsara darussan makonni huɗu masu zuwa tare. Wanda ya je bitar ya koyar da darasi na gaske a gaban yara, sauran suna kallo. Ke kuma ki riƙa shiga aji na minti 20, ki fito da gyara guda ɗaya tak, ki faɗa wa malamin a keɓe a ranar. Ki tabbatar musu wannan shigar ba ta da alaƙa da takardar ƙarin girma. In suka zaci tana da ita, darasin ado za su yi miki su koma gidan jiya da kin fita. Kuma duk sabon fom da tsarin ya kawo, ki nemi tsohon da za a daina cikewa. In an sake kiran bita, ku tura mutum biyu, waɗanda za su koyar da darasin da kansu.

Tambaya: Gwamnati ta soke kuɗin makaranta. Yara sun ninka, kuɗin tallafin da aka yi alkawari bai zo ba, kuma an hana mu karɓar ko sisi daga iyaye. Ni hedimasta ne na firamare.

Amsa: Malam, soke kuɗin makaranta alheri ne, kuma yaran da suka cika maka fili su ne shaidar cewa kuɗin ne ya tsare su a gida. Amma ambaliyar ba sabuwa ba ce. Malawi, da ta soke kuɗin firamare a 1994, ta tashi daga yara kusan miliyan 2 zuwa kusan miliyan 3, har ta ɗauki dubban malamai marasa horo. Uganda, da ta yi haka a 1997, ta tashi daga kusan miliyan 3 zuwa sama da miliyan 5. Ghana kuwa, bayan ta mayar da babbar sakandare kyauta a 2017, sai da ta raba ɗalibai rukuni biyu masu zuwa bi da bi a 2018 saboda ƙarancin wuri.

Ka fara da rajista. Tallafin galibi bisa yawan yara ake lissafa shi, to ka ƙirga su aji-aji, maza da mata, ka aika da adadin bana kafin wa'adi, in ba haka ba da na bara za a biya ka. Ka yi wa sabbin shiga ɗan gwajin karatu da ƙidaya, domin za ka tarar da 'yan shekara 11 da ba su taɓa riƙe fensir ba, kuma zuba su cikin 'yan shekara 6 na korar su cikin zango guda. Ƙwararrun malamanka ka sa su a aji ɗaya da biyu, inda cunkoson ya fi yawa kuma ake aza tubalin karatu. In ɗakuna sun gaza, karatun safe da na rana ya fi cusa yara 120 a ɗaki ɗaya, amma yana rage awannin kowane rukuni, don haka sai da izinin ofishin ilimi a rubuce.

Kada ka ƙirƙiro wani kuɗi da sabon suna. Abu ne da kan ci kujerar shugabannin makarantu a irin wannan lokaci, kuma yaran da aka yi dokar dominsu su ne za su fara komawa gida. In kwamitin iyaye ya ga dama ya taimaka, ya kasance da yardarsa, a rubuta a littafin taro, kada a kori yaro don bai kawo ba. Ranar da tallafin ya iso, ka liƙa adadinsa da yadda aka kashe shi a allon sanarwa.

Tambaya: Masu duba makarantu na tafe, mu kuwa rabin sabon tsarin muka iya aiwatarwa. Wasu sun ce in cike fom ɗin kamar an gama komai.

Amsa: Kada ka yi, Malam. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: littattafan rubutun yara da sakamakon jarrabawa za su faɗi abin da fom ya ɓoye. Ban da haka, ma'aikata da waɗannan rahotannin take raba malamai da kaya, kuma makarantar da ta rubuta cewa ta gama ta fitar da kanta daga layin masu buƙata. Ka tanadi jadawalin da kuke aiki da shi da gaske, da littafin tarukan malaman fanni, da kwafin wasiƙun da ka aika masu hatimin karɓa. Ka nuna wa sufeton abin da aka fara, da abin da ya tsaya da dalilinsa, sannan ka roƙe shi ya sa ƙarancin malamai da littattafan a cikin nasa rahoton da adadinsu.