Tambaya da Amsa: Shin Sai da Lasisi Zan Ɗaura wa Kwale-kwalena Inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan fito ne a wani ƙauye da ke gaɓar kogin Haɗeja a ƙaramar hukumar Auyo, kuma sana'ar gado ce a gidanmu. Bana na tara kuɗi ina so in ɗaura wa kwale-kwalena inji domin ɗaukar 'yan kasuwa da damina, sai wani ya ce mini sai da takardun gwamnati. Shin gaskiya ne, ko izinin sarkin ruwa ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wanda ya faɗa maka haka gaskiya ya faɗa. Izinin sarkin ruwa yana da muhimmanci, domin shi ya san mashiga da masu aiki a kanta, amma ba ya maye gurbin takardar hukuma. Sufurin ruwa na cikin gida a Najeriya yana ƙarƙashin hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta take Lakwaja, sannan akwai kundin ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 da ya fayyace abin da ake bukata daga mai jirgi da matuƙinsa.

Takardun iri biyu ne, kuma mutane sun cika haɗa su. Akwai rajistar jirgin kansa, wadda ake bayarwa bayan jami'ai sun duba lafiyar katako da injin sun kuma ƙayyade yawan mutanen da zai iya ɗauka, akwai kuma lasisin wanda zai riƙe tuƙi. Saboda haka idan ka yi wa jirgin rajista amma ka bar wa ƙaninka ko yaronka da ba shi da lasisi ya tuƙa, ba ka fita daga laifi ba. Ka je ofishin hukumar da kanka, kuma duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne maganar 'yan kasuwa. Ranar kasuwa ake lodin da ya wuce ƙima: buhunan shinkafa, babura, awaki da mata masu goyo, har ruwa ya kusa taɓa bakin jirgi, kowa yana cewa tsallakawa ce kawai. Kwale-kwalen da aka sassaƙa domin filafili kuwa, da zarar an ɗaura masa inji nauyi ya koma baya, gudu ya ƙaru, kuma juyi ɗaya cikin gaggawa ya isa ya sa ruwa ya shigo. A yankinku ga kuma ciyawar kachala da tarun masunta da ke naɗe farfela su kashe inji a tsakiyar ruwa, shi ya sa bai kamata ka ajiye filafilinka a gida ba. Mutanen Kano ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari tsakanin Badau da Bagwai, aka rasa aƙalla mutum 29, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya da za su je Maulidi, kuma yawan lodi aka ɗora wa alhakin. Don haka adadin da aka rubuta maka shi ne iyakarka, ko da mai unguwa ne ya zo a makare.

Doka ta kuma wajabta rigar ceto ga kowane fasinja tun kafin jirgi ya bar gaɓa, ta hana tafiya daga ƙarfe shida na yamma zuwa shida na safe, ta kuma hana tuƙi cikin maye. Na san rigunan suna da tsada, amma 'yan fiton mashiga ɗaya za su iya haɗa kuɗi su saya, su tanadi ƙanana domin yara, tunda rigar babba zamewa take yi daga jikin yaro. Wanda aka kama ya saɓa waɗannan ƙa'idoji yana fuskantar tara, kama jirgi ko gurfana a kotu.

Tambaya: Na sayi babur ɗin ruwa domin shaƙatawa a madatsar Tiga. Tunda ba haya zan yi ba, ina ruwana da rajista?

Amsa: Rashin karɓar kuɗi ba ya fitar da abin hawa mai inji daga ƙarƙashin doka, don haka ka nemi rajista kamar kowa, ka sa rigar ceto, ka kuma nemi izinin masu kula da madatsar kafin ka saka shi a ruwa. Ka ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannunka, domin idan ka faɗo injin ya mutu nan take, sannan ka yi nisa da kwale-kwalen masunta, saboda igiyar ruwan da gudunka yake tayarwa tana iya kifar da su.