Kwanon Kirsimeti: Amsar Goggo ga Ɗiyarta

Ɗiyata, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya maigidan naki, ya kuma baƙunta a Abuja? Mu nan Wusasa lafiya lau, sai hunturu da ya fara shigowa, ƙafar nan tawa kuma kin san halinta da sanyi.

Na ga saƙonki. Kin ce wannan ce Kirsimetinki ta farko a ɗakinki, kina so ki san ko kai wa maƙwabta abinci da muke yi umarni ne na Littafi Mai Tsarki ko al'ada ce kawai. Kin ce wani ɗan'uwa a cocinku ya ce kiran Musulmi ya yanka akuyar Kirsimeti raunin bangaskiya ne. Sannan kin tambaya, tunda ku biyun duk aiki kuke yi, ko ki sayo abinci a waje ki raba a robobi.

Al'ada ce, kuma ta girmi majami'armu. Tun kafin 'yan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, su taso daga cikin birnin Zariya su dawo Wusasa a 1929, Hausawa suna ciyayya: in an sauke tukunya, sai an zuba na maƙwabta kafin masu gida su sa hannu. Kakanninmu da suka karɓi bishara ba su bar wannan ba, kamar yadda ba su bar ginin ƙasa ba, ga majami'ar St. Bartholomew nan tsaye tana shaida. Da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, suka karanta da bakin iyayensu, sai suka tarar da abin a ciki. Buɗe Nehemiya sura 8, aya 10. An karanta wa jama'a Shari'ar Musa, suna ta kuka, sai aka ce musu su daina, su tafi su ci mai kyau su sha mai zaƙi, su kuma aika wa wanda ba shi da abin da ya shirya, domin farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinsu.

Ki lura da wanda aka ce a aika wa. Yanzu mutane sun juya abin, babban kwano da cinyar kaza ya tafi gidan mai kuɗi, na gwauruwa kuma a tuna da shi bayan la'asar, miya ta ƙare sai romo. Ni wannan yana ɓata mini rai. Ubangiji da kansa ya faɗa a Luka sura 14, in za ka yi biki ka kira waɗanda ba su da abin rama maka. Don haka kwanonki na farko na maigadin ƙofarku ne, da mai kwashe muku shara, da duk wani ɗalibi ko ɗan bautar ƙasa da bai samu kuɗin motar tafiya gida ba. Na manyan unguwa ya biyo baya.

Maganar yanka kuwa, ki gaishe mini da wannan ɗan'uwa, amma bai zauna da mutane ba. Mu a wurinmu nama halal ne muddin an karɓe shi da godiya, haka Bulus ya rubuta wa Timoti. To amma maƙwabcinki ba zai ci yankan da ba na Musulmi ba. Ina amfanin kwanon da za a karɓa don kunya, a juye wa kaji a bayan gida? Romawa sura 14 ta hana mu sa wani tuntuɓe saboda abinci, kuma ko da yake 'yan'uwa cikin ikilisiya ake nufi a can, ban ga dalilin da zai sa maƙwabci ya fita daga wannan tausayi ba. Babanki duk shekara maƙwabcinmu yake kira da sassafe ya yanka, a ba shi wuya, a sha kunu tare, kuma ban ga ranar da hakan ya hana babanki zuwa sujada ba. Ke a can ba sai kin wahala ba, mahautan kasuwa yawanci Hausawa Musulmi ne. Ki dai koya wa yaron da za ki aika ya faɗa tun daga bakin ƙofa cewa yankan Musulmi ne. Tukunyarki kuma ta zama mai tsabta daga duk abin da suke ƙyama, kin gane nufina.

Wani zai ce ba ya cin abincin Kirsimeti, haka malaminsa ya koya masa. Kada ki riƙe shi a zuciya, kada kuma ki fasa gaishe shi. Ranar da matarsa ta haihu, ki dama kunu ki kai.

Sai batun roba. Ba zunubi ba ne, na san gajiyar aiki. Amma roba ba ta dawowa. Samira ko kula dole a wanke a mayar miki, kuma ba a mayar da kwano haka nan: wata ta sa sabulu, wata goro, wata ta ba yaro tukuici, wata kuma ta ajiye abin a ranta sai Babbar Salla ki ga naman layya ya shigo. A wurin mayar da kwanon nan ne za ki san sunan matar gidan, ki ji cewa uwarta ba lafiya. Ku da kuke zaune kowa ya kulle get ɗinsa, kun fi mu bukatar wannan.

In shinkafa da miya sun yi miki yawa, ki yi abu ɗaya da hannunki. Yi waina. Ki jiƙa shinkafar tuwo tun daren 23, a niƙa miki washegari da albasa, ki zuba ɗan dafaffiyar shinkafa da yis da sukari kaɗan, ki rufe ki ajiye wuri mai ɗumi, don sanyin Disamba yana hana ƙullu tashi. Da asuba za ki ga ya kumbura yana ƙananan idanu. Ɗiga ruwan kanwa ya kashe tsamin, gishiri kaɗan. Tanda ta yi zafi sosai kafin ki zuba, kuma kada ki yi saurin juyawa, bari gefen ya yi ja tukuna. Da miyar taushe mai kabewa da gyaɗa, ba wanda zai tambaye ki ina shinkafa. Cincin kuwa ki soya tun sati guda kafin ranar, na yara masu yawon barka ne.

Faifan nan biyu da na sa miki a kayan ɗaki, masu ja da kore, ba na ado a bango ba ne, na rufe kwano ne. Kakarki ce ta koya mini ɗinkinsu, ciyawa a ciki, a bi ta da kaba ana naɗewa ana sokawa, tun daga cibiya har baki. Na daminar bara ne, idona bai ƙara yarda na yi wani ba.

Abin da nake so ki riƙe kuma, kwanon nan ba na Disamba kaɗai ba ne. Ki shiga Zumuntar Mata ta cocinku, kada ki ce ta tsofaffi ce. A nan za ki ga yadda ake yi: kunun kanwa ga mai jego, tuwo ga gidan rasuwa a kwanakin da ba mai iya hura wuta, hular ulu da aka saƙa da kwarashi ga jaririn da uwarsa ba ta da hali. Sau da yawa za ki shiga gidan makoki ki rasa ayar da za ki karanta. Ajiye kwanon, ki zauna, ki yi addu'a gajeriya, ki wanke musu kwanuka ki tafi. Da Dokas, almajirar nan mai taimakon matalauta a littafin Ayyukan Manzanni, ta mutu a Yafa, tufafin da ta ɗinka musu ne gwauraye suka riƙa nuna wa Bitrus suna kuka.

In kuna zuwa sabuwar shekara ki sanar da ni da wuri in sa a nemo kaba a kasuwa, ki zauna kusa da ni ki fara ko da ƙaramin faifai ne, ni in riƙa faɗa ke kina yi. Zan ba direba daddawa da kuka ya kawo miki ranar Jumma'a. Ki gaida maigidan, ki ce masa akuyar kada ta zama ramammiya.

Goggonki.